Furen zabuwa na Turai da albasar kwaɗi ta Gulbi

A ƙasashen Turai akwai waɗansu mutane da suka ɗauki noman wata irin albasa kamar yadda alhazanmu suka ɗauki kiwon doki ko na rago balami. Albasar nan ba a yanka ta a miya, ba a kai ta awo, kuma wanda ya shuka ƙwayar irinta sai ya jira shekara 4 ko 5, wani lokaci har 7, kafin ya ga furenta na fari, furen da bai cika wuce mako biyu ba ya yi yaushi. Duk da haka za ka tarar da likita, ko malamin lakwal, ko tsohon ma'aikaci da ya ajiye aiki, ya cika bayan gidansa da ƴan tukwane ɗaruruwa, kowace da takardar shaidarta, yana lura da su safe da maraice. Sunan wannan albasa firitilariya. Mutanen Faransa suna ce mata fritillaire.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan mutumin Maraɗi da wannan sha'ani. To, akwai. Ƴan kasuwarmu yau suna zuwa Istanbul, suna zuwa Dubai da biranen Sin, kuma a can suna ganin albasar furanni cikin ƴan fakiti masu hoto mai ɗaukar ido. Waɗanda ba su je ba suna ganin hotunan a cikin wayar salula. A unguwar Zariya da sauran sababbin unguwanni, gidan da aka gina da siminti bai cika ba sai an bar wani ɗan fili bakin baranda an dasa abin ado. Saboda haka tambayar na tasowa: in na sayo, za ta yi a gidana? Amsa ita ce ba za ta yi ba. Amma dalilin da ya hana ta yi, shi ne ya kai mu ga waɗansu albasoshi namu na gida, masu fure da ba su kasa nata kyau ba, waɗanda mu ke takawa da mota, mu ke binnewa ƙarƙashin tubali ba tare da mun ko san sunansu ba.

Inda suna ya samo asali

Firitilariya dangi ne babba, iri sama da 100, kuma dukkansu ƴan ƙasashen sanyi ne na arewacin duniya: bakin tekun Bahar Rum, Turkiyya, Iran, tsakiyar Asiya, duwatsun Himalaya, Sin, Japan, har zuwa yammacin Amurka, musamman Kalifoniya. A nahiyarmu ta Afirka ba a samun ta sai a duwatsun Aljeriya da Maroko da kewayensu, inda ƙanƙara ke sauka da ɗari. Kudu da Sahara babu ita ko ɗaya.

Wadda aka fi sani a Faransa da Ingila ƴar ƙarama ce, tsawonta bai fi taƙi ɗaya da rabi ba, da fure guda mai sunkuyar da kai kamar ƙararrawa. Launinsa ja ne mai duhu da ɗigo-ɗigo a jere, sak gashin zabuwa. Shi ya sa Faransawa ke ce mata fritillaire pintade, watau furen zabuwa. Masanin nan na Suwidin, Linne, da ya tsara sunayen tsirrai a 1753, ya kira ta Fritillaria meleagris, kuma meleagris ɗin nan shi ne sunan zabuwa a harshen Girka. Shi ne kuma ke cikin sunan da masana suka ba zabuwar da ke kiwo a karkararmu. Ashe ko ba ta tsiro a nan, da tsuntsuwarmu aka yi mata suna. Wani mai haɗa magunguna na birnin Orleyan, Nowel Kaperon, shi ya fara sanar da masana labarinta wajen 1570, bayan ya gan ta a fadamun kogin Luwar. Zanen furen ya tuna masa da allon wasa mai gida-gida, kusan irin na dara, daga nan ya ɗauko kalmar Latin da ta zama firitilariya. Bai daɗe ba aka kashe shi a rikicin addini na 1572.

Babbar yayarsu kuwa ita ce wadda a ke kira rawanin sarki, Fritillaria imperialis. Tana kai mita guda, furanninta ja-ja ko rawaya suna rataye a kewaye, da tukkun ganye a bisa. Daga Istanbul aka kai ta birnin Biyana a cikin shekarun 1570. A Iran da gabashin Turkiyya har yau tana rufe gangaren duwatsu da bazararsu. A gindin kowane fure akwai ɗigon zuma guda 6 masu ƙyalli kamar hawaye, shi ya sa Turkawa ke yi mata laƙabi da amarya mai kuka. Sai dai kyan ɗan maciji gare ta ta wajen hanci: warinta irin na yanyawa ne.

Aikin masu tukwane

Abin da ya sa noman firitilariya ya zama aikin ƙwararru shi ne albasarta tsirara ta ke. Albasar miya tana da ɓawo busasshe da ke kare ta, shi ya sa ta ke jure ajiya da tafiyar babbar mota daga Galmi har Abijan. Ita wannan ba ta da shi. In ka bar ta a iska ta bushe, in ka ba ta ruwa lokacin da ta ke barci ta ruɓe. Yawancin irin da masu sha'awa ke nema sun fito ne daga duwatsu, inda ruwa ba ya kwanciya, don haka ƙasar tukunyarsu rabinta tsakuwa ce da rairayi mai kaushi. Suna gina ɗan ɗaki na gilashi, ba don ɗumi ba, don kawai ruwan sama kada ya taɓa tukwanen lokacin da ba a so. Suna binne tukwanen yumɓu cikin rairayi har wuya domin sauyoyi su sami sanyi. Kowace shekara, lokacin barcin albasar, a kan juye tukunya, a ƙirga, a ware ƙananan ƴaƴa masu kama da ƙwayar shinkafa, a canza ƙasa. Rawanin sarki ma da nata sharaɗi: akwai rami a tsakiyar albasarta inda tsohon kara ya fita, don haka da yawa suna kwantar da ita a karkace kada ruwa ya taru a ciki.

Mafi yawan irin da ba a samu a kanti, daga ƙwaya a ke tada su. Shekara ta fari abin da ke fitowa zare ɗaya ne kamar tsiron gero, ya yi ƴan makwanni ya bushe. Wanda bai sani ba sai ya zubar da tukunyar, alhali albasa mai girman ƙwayar dawa tana ciki. A Ingila masu wannan aiki suna da ƙungiyarsu, suna musayar iri ta gidan waya, suna baje koli ana ba da lambar yabo; manyan lambunan bincike kamar na Kew kusa da Landan da na Gotenbag a Suwidin suna riƙe da tarin iri masu yawa. Kuma akwai ƙa'ida guda da masu mutunci cikinsu ba su takewa: kowace tukunya a rubuta inda irin ya fito da ranar da aka shuka. Tsiron da ba a san asalinsa ba, a wurinsu, darajarsa ta ragu, kamar doki marar tarihi.

Abin da ya hana ta zama a Zariya

Ba ƙasa ba ce matsalar, rairayin tudun Maraɗi ma ya dace da ita. Ba kuma ruwa ba ne, tunda akwai famfo. Matsalar kalanda ce. Firitilariya tana fara sauya idan ƙasa ta huce bayan zafi, sa'an nan tana buƙatar wata 3 ko fiye cikin sanyin da bai kai digiri 10 ba kafin karan fure ya motsa. Bayan fure kuma tana son makwanni masu sanyi-sanyi da laima domin ganye ya mayar wa albasa abin da ta kashe, domin kuwa kowace shekara sabuwar albasa ta ke yi a madadin tsohuwa. Ta yi girma cikin sanyi da ruwa, ta yi barci cikin zafi da fari.

Mu kuwa a nan ruwanmu da zafi ya ke zuwa. Daren Disamba da Janairu, wanda mu ke ƙudundune da bargo muna jin wuta, awonsa digiri 12 zuwa 15 ne, da rana kuma ya haura kusan 30. Kafin Maris ya ƙare an doshi 40. Mai firigo na iya cewa zai yi mata ɗarin ƙarya: ya ajiye ta wata 3 cikin rairayi mai ɗan laima, in wutar lantarki ta yarda ba ta yanke ba, ya dasa cikin Disamba. Mai yiwuwa ya ga fure sau ɗaya, domin furen tun daga Holan aka ƙunso shi cikin albasar. Amma iskar Fabrairu za ta ƙone ganyen kafin ya yi aikinsa, damana kuma ta ruɓar da abin da ya saura. Wanda ya yi haka bai yi noma ba, ya sayi furen kwana goma ne da tsada. Kuɗinsa ne, ba mai hana shi, amma ya san abin da ya saya.

Ilimin da ke hannunmu tun da

Wani abin mamaki shi ne, ainihin ilimin da waɗancan Turawa ke taƙama da shi, watau sanin lokacin barcin albasa da lokacin tashinta, manomanmu sun riƙe shi tun kaka da kakanni. A je Jiratawa a gani. Filin noman rani da aka gyara can a farkon shekarun 1980, eka 500 da ƴan kai, wanda ofishin ONAHA ke kula da shi tare da ƙungiyoyin manoma, da garake na bakin Gulbi har zuwa Tibiri, duk akwai masu fidda irin albasa da kansu. Aikin damana biyu ne, ko mu ce rani biyu. A cire albasa cikin Maris ko Afrilu, a zaɓi masu kyan kai da siririn wuya, a ajiye su inuwa inda iska ke ratsawa, irin rumbun karan da mutanen Adar ke kira rudu, su ƙetare bazara da damana ba tare da ruwa ya taɓa su ba. In kaka ta yi a yanke kansu a mayar ƙasa, sanyin hunturu ya sa su fidda kara da fure, a girbe baƙin iri kafin zafi ya tsananta. Bature mai firitilariya da zai ga wannan, nan take zai gane ɗan'uwansa.

Albasar Galmi, wadda masu bincike suka tace irinta a tashar Tarna tun zamanin IRAT kafin a kafa INRAN a 1975, ita ce shaidar cewa abin da ke cikin ƙasarmu yana da daraja, kuma in mun yi sakaci wani zai riga mu rubuta shi. A 2006 wani kamfanin iri na Senegal ya nemi hukumar OAPI ta ba shi haƙƙin mallaka a kan sunan Violet de Galmi. Sai da manoma da hukumomin Nijar suka tashi tsaye kafin a janye sunan, kuma sai a 2021 aka yi wa albasar rajista a matsayin dukiyar yankinta. Wannan albasar da kowa ya sani kenan, mai shigo da miliyoyi. Ina ga waɗanda ba su da mai tsaya masu?

Akwai kuma masu gadali. Kalmar daga Fulatanci ta shigo, kuma ta ƙunshi tsirrai iri-iri masu albasa ko sauya mai kauri, waɗanda bokaye, mahalba, ƴan tauri da makiyaya ke dasawa a fasasshiyar tukunya bayan ɗaki ko gindin rumbu. Wannan na farin jini ne, wancan na kasuwa, wancan na yawan shanu. Abin da mutum ya yarda da shi game da amfaninsu, tsakaninsa ne da malamansa; ba shi ne zancenmu ba yau. Zancenmu shi ne waɗannan mutane su ne masu tukwanen ƙasar Hausa. Suna bambanta iri da iri ta ganye kaɗai, sun san wanda ke son inuwa da wanda ke son rana, sun san daga hannun wa kowane ya fito, kuma ba kowa su ke ba ba. Sai dai iliminsu a ka ya ke, kuma ana ɓoye shi. Tsoho ya rasu, magada su share bayan ɗaki su zubar da tukwane.

Uku daga cikin namu

Ta fari ita ce hatsin manoma, wadda masana ke kira Pancratium. A jigawa ta ke, cikin rairayi tsantsa. Duk tsawon rani ba ka ganin alamarta. Ruwan fari na sauka, cikin ƴan kwanaki sai ga kara ya ɓullo da fure fari fat, mai dogon wuya da siraran fikafikai kamar ƙafafun gizo-gizo. Da almuru ya ke buɗewa, ya cika wuri da ƙamshi, manyan malam-buɗe-littafi na dare su zo shan zumarsa, kafin hantsi ya yi yaushi. Dare ɗaya tak. Wanda ya raɗa mata wannan suna ya san abin da ya ke faɗi, domin fitowarta da fitar manoma shuka tare su ke.

Ta biyu albasar kwaɗi, watau Crinum, mai son bakin tabki da fadama inda ruwa ke kwanciya da damana. Albasarta tana kai girman dunƙulen hannu ko fiye, ganyenta dogaye masu sheƙi, furanninta manya kamar kakaki, farare da jan zane a tsakiyar kowane fiffike. A Turai da Amurka ana sayar da danginta a kantunan furanni da kuɗi mai kauri. A nan yara ke tsinke ta suna wasa a hanyar kiwo.

Ta uku ba albasa gare ta ba, sauya ce mai lanƙwasa kamar ƙotar gatari, shi ya sa a ke ce mata gatarin kurege. Waɗansu na cewa baurairai. Sunanta na masana Gloriosa superba. Tana hawan ƙaya da kan ganyenta mai naɗewa, furenta ja da rawaya ya juya baya kamar harshen wuta cikin iska. Ita ce furen ƙasar Zimbabuwe. A jihar Tamil Nadu ta Indiya gonaki a ke yi nata, ana fitar da irin zuwa waje domin wani sinadari, kolshisin, da a ke haɗa maganin ciwon gaɓoɓi da shi. A nan wajibi ne mu ja kunne: wannan sinadari dafi ne mai kisa. Sauyarta ta yi kama da rogo ko doya ƙarama, kuma a ƙasashe da dama an yi asarar rayuka ta haka. Albasar kwaɗi da hatsin manoma su ma ba abin ci ba ne, haka albasar kura, wadda ke fidda dogon kara tsirara tun kafin ruwa, tana kashe dabbobi. Firitilariyar Turai kanta dafi gare ta. Gidan da ke da ƙananan yara ko awaki sake, sai a ɗaga tukwane bisa ko a kewaye su.

Waɗannan sunaye ba yau aka fara rubuta su ba. Wani likita ɗan Sikotlan, Dalziel, ya tara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, kuma a 1976 Peyre de Fabrègues da Lebrun suka fitar da jerin tsirran Nijar. Sai dai suna ɗaya ya kan hau tsiro biyu ko uku, kuma abin da Bagobiri ya kira da wani suna, Bakatsine ko Badamagare na iya kiransa da wani. Wannan kaɗai aiki ne da ke jiran ɗaliban aikin gona na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, da duk wani ma'aikaci mai littafi da alƙalami da ke zuwa ƙauye ran hutu.

Gari na ci, daji na ja da baya

Lokacin da ambaliyar 1945 ta rushe tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari, aka hau tudu aka yanka sababbin unguwanni. Ƙidayar 1977 ta sami mutum wajen 44.000 a birnin, ta 1988 wajen 110.000, ta 2012 sama da 267.000. Kowane ƙari gonaki ya ci, kuma unguwar Zariya kanta bisa gonakin jiya ta ke zaune. Itace in an sare shi kututture na iya tohowa. Manoman jihar nan sun nuna wa duniya haka da sassaben zamani tun daga shekarun 1980. Albasa kuwa in an zuba mata kankare, magana ta ƙare. A cikin kwari ma abin ya sake: tun da aka gama madatsar Jibiya a Najeriya a farkon shekarun 1990, Gulbi ba ya malala kamar da, ƙananan tabkuna da dama sun zama garake ko wurin bugun tubali. Ga kuma masu haƙa domin kasuwar magani, wanda duk mai ratsa kasuwar Maraɗi ran Litinin ko Juma'a ya ga tarin sauyoyi da albasoshi a shimfiɗar ƴan magori.

Ba mu kaɗai ne wannan ya sama ba. Ingila ta rasa kashi 97 cikin 100 na fadamunta masu furanni daga shekarun 1930 zuwa na 1980, saboda garma da takin zamani da janye ruwa. Yau kusan kashi 80 cikin 100 na furen zabuwar da ya rage a dajin ƙasar a fadama ɗaya ya ke, kusa da wani ƙaramin gari, Kiriklad. Abin da ya tsirar da ita wata tsohuwar al'ada ce da za ta yi wa mai karatu kama da sakin gonaki: ba a yankan ciyawa sai furen ya zubar da iri, kuma dabbobin gari ba su shiga sai daga 12 ga Agusta zuwa 12 ga Fabrairu. Ba shinge ne ya kare ta ba, kalanda ce da kowa ya yarda da ita.

Labarin Sin ya fi wannan ban tsoro. Can a duwatsun Yunan akwai wata firitilariya, Fritillaria delavayi, da a ke haƙa domin maganin tari shekara wajen 2.000. Sai an haƙa sama da albasa 3.500 kafin a sami kilo ɗaya busasshe, kilon kuwa a 2020 ya kai dalar Amurka 480, fiye da jika 250 na kuɗinmu. A 2020 masu bincike na Kunming da na jami'ar Eksita ta Ingila suka buga sakamakon aikinsu: inda ba a cika haƙa ba, ganyen kore ne, furen rawaya, inda a ke haƙa da yawa, tsiron ya koma toka-toka ko ƙasa-ƙasa, launin duwatsun wurin, har sai an dafa ƙasa kafin a gan shi. Masu haƙa sun kwashe waɗanda ido ke gani shekara da shekaru, waɗanda suka saje da dutse su suka rage suka haihu. Tsiro ya koyi ɓuya daga ɗan Adam.

Ga mai fili a gida

Wanda ke da sha'awa, ɗan kasuwa ne ko ma'aikaci, abin da ya ke buƙata bai taka kara ya karya ba: tukwanen ƙasa masu huda a gindi, rairayi, ɗan ruɓaɓɓen taki da ya shekara, da littafi. Kada a yi amfani da bokitin roba, rana na dafa sauyoyi a cikinsa. Kada kuma a je daji da magirbi a kwaso gaba ɗaya. Mai yin haka bai bambanta da wanda mu ke kuka da shi ba, kuma a dazuzzuka irin na Baban Rafi da Madarumfa akwai ma'aikatan gandun daji da ya kamata a nemi izninsu. Wurin da haƙa ta halatta shi ne filin da aka riga aka yanka za a gina. In ka sayi fili, ko maƙwabcinka zai zuba harsashi, ka zaga shi bayan ruwan fari da kuma tsakiyar damana, ka kafa ƙaramin turke inda ka ga fure, ka dawo ka haƙa da zurfi bayan ganye ya bushe. Leburori da yaran unguwa sun fi ka ido. Ɗan goro kaɗan zai sa su kira ka kafin su sa shebur.

Hanyar da ta fi ita ce ta iri. Na hatsin manoma baƙi ne, ana iya ajiye shi a takarda zuwa damana mai zuwa. Na albasar kwaɗi kuwa mai tsoka ne kamar ɗan goro, ba ya ajiyuwa ko kaɗan, yana tsirowa ko a bisa tebur. A ɗora shi kan ƙasa mai laima rabinsa a waje, a bar shi. Sai a shirya jiran shekara 3 zuwa 5. Gatarin kurege a kwance a ke binne sauyarta, zurfin yatsa, da hattara ƙwarai, domin idon tsiron a can ƙarshe ya ke, in ya karye shi kenan. A kafa mata kara ko a bar ta ta hau darni.

Babban kuskuren da ke jiran mai famfo a gida shi ne tausayi. Zai ga tukunya ba ganye cikin Maris, rana na dukanta, ya ce a zuba mata ruwa, ko yaron gida ya zuba da kansa yana ban ruwan sauran shuke-shuke. Albasar kwaɗi za ta iya jurewa, amma hatsin manoma da gatarin kurege ruɓewa za su yi, ko su yi ta ganye ba fure. Daga lokacin da ganye ya yi rawaya, wajen Oktoba, a janye tukwanen zuwa inuwa, a ɗora su bisa tubali saboda gara, a manta da su. In hadarin Mayu ko Yuni ya fara haɗuwa a fito da su fili, ruwan sama ya tashe su da kansa. A cikin littafin kuwa a rubuta, ga kowace tukunya, sunan da mutanen wurin suka faɗa, ƙauye ko unguwar da ta fito, jigawa ce ko fadama, ranar da aka dasa, ranar ruwan fari, da ranar da fure ya buɗe.